Barin Giya Kaɗai Ya Isa?

Tun shekarar 2000 da jihar Sakkwato ta rungumi shari'ar Musulunci, ba a sayar da giya a fili a garuruwa irin su Wurno, Rabah da Goronyo. Da yawa daga cikin 'yan ikkilisiyoyinmu a yankin baƙi ne: ma'aikata, 'yan sanda, sojoji da 'yan kasuwa. Mukan ga ɗan'uwa da aiki ya kawo shi nan ya yi watanni bai sha ba, har ya ba da shaida a sujada. Da ya je gida Kirsimeti, sai ya koma gidan jiya. Giya ce ta yi masa nisa. Zuciyarsa tana nan yadda take.

Ubangiji Yesu ya bayyana wannan a Matiyu 12:43-45. Gidan da aka share aka bar shi fanko, aljanin da ya fita yakan dawo cikinsa da waɗansu bakwai. Haka wanda ya bar kwalba, amma kaɗaici, bashi, fushi da tsoron 'yan bindiga suna cinsa. Zai nemi wata mafaka, ko tiramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018. Shi ya sa a Afisawa 5:18 Bulus bai tsaya ga hana buguwa ba, ya haɗa da cika da Ruhu. A Galatiyawa 5:22-23 kuma, kamunkai yana girma ne tare da ƙauna, salama da haƙuri.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ta gane haka. Cikin matakanta 12, na farko ne kaɗai ya ambaci giya. Sauran sun shafi dogara ga Allah, binciken kai, furta laifi, gyara tsakani da waɗanda aka cuta, da taimakon wasu mashaya.

Sai dai kada mu ce wa mashayi ya jira sai ya girma a ruhaniya kafin ya daina. Dainawa ce ke buɗe ƙofar girma. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kuwa, mu kai shi ga likita, domin dainawa farat ɗaya na iya jawo makyarkyata da farfaɗiya.

Saboda haka idan mun ziyarci ɗan'uwan nan, kada tambayarmu ta tsaya ga ko ya sha. Mu tambaye shi: ya iyali? Ya bashin nan? Da wa kake addu'a?