Aikin Wakilin Hukumar Agajin Shari'a a Ƙasar Gwandu

A zamanin En'e ba a yarda lauya ya tsaya gaban alƙali a kotunan ƙasar Gwandu ba. Wanda aka kai ƙara shi yake faɗin hujjarsa da bakinsa, ko kuwa ya naɗa wakili yadda fiƙihun Malikiyya ya yarda. Al'amari ya sāke, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma ikon ɗaukar lauyan da ya ga dama. Amma fa wannan iko ba ya amfanar manomin Maruda wanda abin hannunsa bai wuce damin gero ba.

Don irinsa ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Agajin Shari'a a 1976, aka kuma sabunta dokarta a 2011. Babban Darekta yana Abuja, kowace jiha kuwa tana da nata wakili. Na Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, shi ne mai kula da Gwandu da Kalgo da sauran ƙananan hukumomi.

Farkon aikinsa shi ne tantance mai neman taimako. Ma'aunin doka kuwa shi ne kada samun mutum ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar Naira 70,000 a wata a 2024. Wannan ma'auni na ɗan albashi ne. Auna samun manomi ko makiyayi da shi sai an haɗa da hankali. Bayan haka sai ya raba shari'u tsakanin lauyoyin ofis, da masu hidimar ƙasa, da na waje waɗanda suka ba da sunayensu.

Amma mafi nauyin aikin ba a zauren kotu yake ba, yana kurkuku. Dokar 2011 ta ɗora wa Hukumar ziyartar wuraren tsare mutane don ta binciki masu jiran shari'a. Dalili kuwa, sau da yawa majistare yakan tura mutum kurkuku bisa laifin da ba shi da ikon yanke hukuncinsa, kamar kisan kai, ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. In takardunsa suka makale, sai ya shekara ba a kira sunansa ba, danginsa a ƙauye kuwa ba su san ƙofar da za su buga ba. Wakili shi ne zai bi sawun takardun, ya nemi beli, ko ya roƙi Babban Joji ya dubi zancen ran da ya kewaya kurkuku.