Firijin gaz a cikin ɗaki: iskar da ba ta da wari

A ƙauyukan Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas wadda aka ware daga Magariya a shekarar 2011, wutar lantarki ba ta kai ko'ina ba. Mai son ruwan sanyi ko adana magani yakan nemi firiji mai aiki da gaz, musamman da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana samar da gaz tun shekarar 2011.

Wannan firiji ba shi da inji. Wata ƴar wuta ce ke ci a bayansa dare da rana. Idan ta sami isasshiyar iska, harshenta shuɗi ne. Amma idan ƙurar hunturu ko gidan zanzaro ya toshe bututun hayaƙi, sai harshen ya koma rawaya, ya riƙa fitar da iska mai guba, wato monoksid na karbon, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri da amai, abin da akan ɗauka masassara ce. Idan mutanen ɗaki guda suka kamu tare, suka kuma ji sauƙi bayan sun fita waje, to, firijin ne abin zargi. Wajibi ne a kashe shi, a kai su likita.

Lokacin ɗari, da ake toshe kowace kafa, hatsarin ya fi yawa. Bai kamata firijin ya kwana ɗaki guda da mutane ba. Mazauninsa shi ne zaure ko rumfa mai taga a buɗe, ko kuma a fitar da bututun hayaƙinsa waje.