Yadda Likitoci Ke Auna Ƙari A Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa a nan kurmi, in ɗan'uwa ya kama ciwon kai mai tsanani da amai da sassafe, ko farfaɗiya ta same shi da girmansa, ko gefen jikinsa ya yi sanyi, sai a ce iska ce, a haɗa kuɗin mota a mai da shi gida. To, wani lokaci ƙari ne ya tsiro cikin ƙwaƙwalwa, yau kuwa ana iya ganinsa, har a auna shi ba tare da an tsaga kai ba.

Wani injiniya Bature, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙago na'urar da ake kira CT. A 1971 aka fara ɗaukar hoton kan wata mata da ita a London. Na'urar tana ɗaukar hoton kai falle-falle, kowane ɗigo na hoton kuma da lambarsa: ruwa 0, iskar shaƙa 1000 ƙasa da sifiri, ƙashi kuwa ɗaruruwa sama. Da waɗannan lambobi likita ke rarrabe jini da ruwa da tsoka. Daga baya aka samo MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta kuma fi nuna iyakar ƙarin.

Ga yadda awon yake. A wata ƙa'ida da likitoci suka tsayar a 1990, akan auna tsawon ƙarin da fāɗinsa, a ninka su. In bayan magani adadin ya ragu da rabi, magani yana ci. In ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, cuta ta ci gaba, sai a sake shawara. Yanzu kwamfuta takan zana iyakar ƙarin, ta lissafa girmansa duka. Amma sanin irinsa, da matakinsa daga 1 zuwa 4, sai an ɗebi ɗan yanki an duba.

Aikin bai yi mana nisa ba. Tun 1962 Dokta Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Badun, na Ikko kuma ga shi nan Idi-Araba, kusa da mutanenmu.

Saboda haka jama'a, a kai mara lafiya asibiti da wuri. Wanda aka yi wa hoto kuma ya adana shi kamar takardar gida, domin sai da na jiya likita zai gane ko na yau ya ƙaru. Allah ya ba mu lafiya, amin.