Zogale da Ƙarfe Wajen Tsabtace Ruwa

Mu mutanen Gaya mun san yadda ruwan kogin Isa yake yin laka da damina. Shan gurɓataccen ruwa yana kawo gudawa da kwalara.

Masana kimiyya suna dafa ganye, kamar na zogale, su haɗa ruwansa da sinadarin ƙarfe. Sai a sami wani baƙin gari mai laushi ƙwarai. Idan an zuba shi cikin ruwa, dauɗa takan manne masa. Daga nan sai a janye shi da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe.

Har yanzu gwaji ake yi. Kafin ya iso gare mu, mu daka ƴaƴan zogale, mu dama cikin ruwa har laka ta kwanta. Mu tace, mu tafasa, kana mu sha.