Wazawai: Kalmar Masifa a Bakin Japanawa

A tsakiyar Disambar kowace shekara ana taruwa a wani tsohon wurin bauta da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan, a bayyana harafi ɗaya da jama'a suka zaɓa ya zama sunan shekarar. A 2004 da kuma 2018 harafin da ya yi nasara shi ne 災, ana karanta shi wazawai, wato masifa. Duka biyun shekaru ne na girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya. Ku dubi harafin da kyau: layuka ukun da ke sama kogi ne, na ƙasa kuwa wuta.

In aka haɗa shi da wani harafin, karatunsa yakan koma sai. Daga nan suka samu kalmomi biyu. Tensai ita ce masifar da ta sauko daga sama, wadda ba hannun kowa a ciki. Jinsai kuwa ita ce wadda mutum ya jawo. (Abin dariya, akwai wata tensai mai rubutu daban da ke nufin haziƙi, don haka kada ku yi saurin fushi.)

Wannan rabewar ba wasa ba ce a wurinsu. A 2011 girgizar ƙasa da igiyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Kwamitin da majalisar ƙasar ta kafa ya fito a 2012 ya ce hatsarin tashar jinsai ne, domin an san haɗarin ba a yi tanadi ba.

Mu ma muna da sakaci da ganganci, amma bakinmu ya fi saurin cewa tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a ruwan Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, amma hukumomi sun ce an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima. Bajapane zai ce jinsai.

Ƙanƙarar da ta kwantar da gero tensai ce. Rijiyar da aka bari ba murfi a bakin hanya jinsai ce. Katangar ƙasa da aka gina a hanyar ruwa, mamakon Agusta ya zo ya rushe ta fa, a wane layi za ku sa ta?