Fitilar teku mai kwanciya rigingine: tana harbi ko ba a taɓa ta ba



'Yan'uwa, mu mutanen tudu ne. Mun san kogi da tafki, mun san kunama da rina, amma yawancinmu ba mu san teku ba. Ga shi kuma kowace shekara alhazanmu da masu Umara suna sauka Jidda, ɗalibanmu suna karatu a Saudiyya da Masar da Sudan, kuma akwai Hausawa mazauna Port Sudan. Duk wanda ya je waɗannan wurare yana iya samun kansa a bakin Bahar Maliya, ya naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa, yara suna biye da shi. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin wata halitta da ke zaune a irin wannan ruwan.

Larabawa suna kiran danginta ƙindilul bahri, wato fitilar teku. Jikinta kamar ƙwarya yake, mai santsi da taushi, ba ƙashi, ba jini, ba ƙwaƙwalwa. Sauran danginta suna yawo ne a cikin ruwa, ƙwaryar a sama, hannaye suna reto a ƙasa. Ita kuwa wannan, wadda masana suka sa wa suna Kasiyofiya, kwanciya take yi rigingine a kan yashi ko taɓo, ta ɗaga hannayenta sama. Faɗin babbarta yana kaiwa santimita 30. Mai kallo daga sama zai ɗauka ciyawar ruwa ce. Wani masani ɗan Suwidin, Peter Forsskal, shi ya siffanta irin ta Bahar Maliya a tafiyar da ya rasu cikinta a Yaman a 1763, aka buga rubutunsa a 1775. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 ta ƙetara zuwa Bahar Rum. Akwai danginta kuma a Karibiyan da Fulorida ta Amurka.

Me ya sa take kwanciya haka? A cikin naman jikinta akwai wata irin gansakuka ƙanana da ido ba ya gani. Gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganye ke yi, ta ba ta wani kaso, ita kuma ta ba ta mazauni. Don haka dole ta nemi inda rana ke kaiwa ƙasa: ruwa mara zurfi, mai ɗumi, wanda ba igiya, kamar lungunan gaɓa da gindin itatuwan shura masu tsiro a ruwan gishiri. To, a nan matsalar take. Wurin da uba zai duba ya ce ruwa ya kwanta, yara su shiga, shi ne gidanta.

An daɗe masu ninƙaya suna kukan cewa ruwa ya harbe su alhali ba su taɓa komai ba. A 2020 wasu masu bincike, cikinsu har da Cheryl Ames da Anna Klompen, suka wallafa dalilin. Halittar tana sakin wani yauƙi cikin ruwa, musamman idan an dame ta. A cikin yauƙin akwai ƙananan dunƙule da suka sa wa suna kasiyozom, kowanne lulluɓe da ƙwayoyin harbi masu dafi, kuma suna motsi da kansu. Da su take kashe ƙananan halittun da take ci. Idan suka taɓa fatar mutum sai ya ji raɗaɗi da ƙaiƙayi, wurin ya yi ja, wani lokaci ƙuraje su fito. Galibi abin ba ya kai ga haɗari, amma jiki ya bambanta, kuma fatar yaro ba ta babba ba ce.

Ga abin da muke ba da shawara. Kafin a shiga, a tambayi masunta ko masu kula da wurin, a kuma dubi ƙasan ruwan. Idan an ga wasu abubuwa zagaye-zagaye a kwance suna bugawa a hankali kamar numfashi, a sauya wuri. Kada a taka su, kada a tsokane su da sanda, kada a bar yara su ɗauka, domin hakan ne ke sa su saki yauƙin ya bazu. Takalmi da tufa mai rufe jiki suna rage harbin.

Idan kuma ya riga ya faru, a fita daga ruwan nan take. Abin da hannu zai fara kaiwa gare shi shi ne gorar ruwan sha, amma a dakata, domin ruwan daɗi yana iya tayar da ƙwayoyin harbin da suka rage a fata. A wanke da ruwan teku mai tsabta da aka ɗebo nesa da wurin. Kada a sosa, kada a goga yashi, kada a zuba fitsari kamar yadda wasu ke faɗa. Bayan an wanke, a sa wurin cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 40 zuwa 45, na minti 20, yana rage zafin. Idan numfashi ya fara wuya, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko jiri da amai suka zo, ko abin ya shiga ido, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wanda zai yi tafiya ya riƙe wannan, ya kuma sanar da abokan tafiyarsa, musamman masu ɗauke da yara. Allah Ya kare mu, Ya kai kowa lafiya Ya dawo da shi lafiya.