Jirgin koyon soja a cikin ajin yara

Ranar 6 ga watan Disamba na shekara ta 1990, da hantsi, wani ƙaramin jirgin koyar da tuƙi na sojojin Italiya, samfurin MB-326, ya tashi daga Verona. Yana cikin tafiya sai injinsa ya lalace. Matuƙin ya nufi filin jirgin Bolonya don ya sauka, amma wuta ta riga shi. Ya diro da laima, ya tsira da ransa. Jirgin kuwa, ba kowa a cikinsa, ya ci gaba shi kaɗai har ya kutsa wani aji na lakwal ɗin Salvemini, a garin Casalecchio di Reno. Yara 12 suka rasu, mata 11 da namiji ɗaya, ƴan kimanin shekara 15. Mutum 88 suka jikkata.

Abin da ya fi ƙona ran iyaye shi ne shari'ar. Lakwal ta gwamnati ce, jirgi ma nata ne, amma lauyoyinta sojoji suka tsaya wa. A 1995 kotu ta samu matuƙin da manyansa biyu da laifi. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su sarai, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 1998.